Awo a Filin Samaru

Sallau ya bugo daga Amurka, ƙarfe biyun dare,
ya manta cewa hasken da yake gani bai iso mana ba.
Ya ce, Malam, nemo mini ƙarti na layin tsaro,
irin waɗanda in sun tsuguna gaban mutum
sai ya tuna duk bashin da ake bin sa.
Sansani tukuna, in Allah ya yi, baɗi ko baɗi waccan
a kira sunan ɗaya ranar zaɓen 'yan wasa.

Shekara talatin ina busa usur a makarantar kwana,
ban taɓa riƙe ƙwallon nan mai siffar gwanda ba.
Amma na san jiki.
Na san ƙafar da ke yi wa mai ita ƙarya.

Asabar, ruwan daren jiya ya bar taɓo a fili.
Na zo da tef ɗin tela,
da sikelin masara na aro daga Sabon Gari,
da littafi mai jan bango.

Istifanus na Wusasa ya fara hawa,
allurar sikeli ta wuce ɗari da ashirin tana rawa.
In ya buɗe hannuwa, ƙofar zaure ta toshe.
Na busa usur,
sai da ya yi shawara da gwiwarsa kafin ya motsa.
Na rubuta: ganuwa ce, ba ta bin kowa.

Haliru, ɗalibin injiniya, a waya ya haddace wasan,
kowace dabara ya san sunanta da Turanci.
Sai dai yana miƙewa da wuri
kamar an kira lambarsa a aji,
ƙirji a buɗe, duk wanda ya fi shi yin ƙasa
zai tura shi da baya har Shika.
Na rubuta: kai ya riga ƙugu.

Nomau ba ya cikin jerin.
Shi ya ɗauko sikelin a ka,
yana gefe yana ɓarar gyaɗa, yana jiran kuɗin dako.
Don wasa na ce, kai, ga buhun yashi can, gwada.
Usur bai gama fita daga bakina ba
buhun ya bar inda yake.
Kafaɗa ƙasa, duwawu ƙasa,
ya kewaye Istifanus kamar keke-napep a shatale-talen PZ.
Shekara takwas yana shiga ƙarƙashin kaya,
ba wanda ya koya masa, yunwa ce kocinsa.

Na kama hannunsa: taƙi guda da yatsu uku,
tafin duk kanta.
Na ɗaga dantsen, na latsa,
na zagaya bayansa ina duba agara,
saura ƙiris in ce, buɗe baki.
Nan tef ya faɗi a taɓo.
Kakata ta taɓa gaya mini, tana kaɗi,
cewa an yi zamanin da ake duba mutum haka,
a latsa, a ƙirga haƙori,
a sa shi a hanyar da ba ta da dawowa.

Na sani, wannan daban ne.
Akwai albashi, akwai jirgi, akwai sa hannu.
Na faɗa wa kaina sau uku.

Nomau ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa ya ce,
Malam, nawa suke biya?
In gwiwa ta fashe a can, wa ke da asara?

Takardar Sallau na da gurbin tsawo,
gurbin nauyi, gurbin gudun yadi arba'in.
Babu gurbin wannan tambaya,
sai na rubuta ta a gefe, da ƙananan baƙaƙe.

Na biya shi dakonsa.
Ya naɗa gammo, ya aza sikelin da ya auna shi,
ya nufi titi.
Na bi sawunsa da ido a cikin taɓo,
takun farko ya fi sauran zurfi.

Sallau ya kira sau huɗu tun magariba.
Wayar na kan littafin, tana haske tana mutuwa.